Ɗiyata ta iya lissafin kasuwa, na lakwal ya gagare ta

Saƙon wannan makon ya fito ne daga wata baiwar Allah a unguwar Zariya, cikin garin Maradi. Da murya ta aiko shi, ga abin da ta ce a taƙaice:

"Malam, sana'ata man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Ɗiyata ƴar shekara 15 tana turwaziyam, ajin ƙarshe na kolej, bana za ta yi BEPC, jarrabawar kammala kolej ɗin. Ita ke riƙe mini lissafin sana'a, ba ta taɓa ɓatar mini da ko dala ba. Amma a lakwal lissafi ya gagare ta, tun daga katiriyam, ajin da ta baro, ba ta wuce 5 ko 6 cikin 20. Ta ce da ta ga x da y sai kanta ya ɗaure, har kuka take yi. Yayyenta na kiranta daƙiƙiya. Babanta ya ce in ta faɗi bana shi ke nan, ta zauna gida, lissafin haruffa ba ya ciyar da kowa. An ce in ɗaukar mata mai koyarwa a gida, jika biyar, wato sefa 5000, duk wata, kuɗin kuwa sun yi mini nauyi. Ni allo kawai na yi, ban yi boko ba. Mi zan yi mata?"

Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a, ya raya mana yarinyar. Kafin komai, a daina kiranta daƙiƙiya a gidan nan. Ki tsawatar wa yayyenta yau ɗin nan. Yaron da aka saba gaya wa ba shi da kai, da an miƙo masa takardar jarrabawa sai ya gaskata maganar tun bai karanta layin farko ba, ya ajiye bik ya zuba tagumi. Maganar kuma ba gaskiya ba ce, shaidar tana cikin saƙonki.

Duba abin da take yi kullum a gaban tirenki. Mai saye ya ce a ba shi ƙuli na dala talatin da biyar, ya miƙo takardar da aka rubuta 500 a jikinta. Ita ta san dala talatin da biyar sefa 175 ke nan, ta san takardar dala ɗari ce, ta mayar masa da dala sittin da biyar ba ta ko ɗaga kai ba. Mu nan Nijar mun saba da wannan har ba ma ɗaukarsa aiki. Baki na ƙirga dala, takarda na ƙirga sefa, kai kuma na ninkawa sau biyar yana rabawa gida biyar tun safe har dare. Abin da mushe, wato malaminsu na lakwal, ke rubutawa a allo, y = 5x, shi ne wannan ɗin: x yawan dala, y yawan sefa. Ɗiyarki ta daɗe tana yin sa, ba a dai taɓa gaya mata cewa shi ne ba.

To ina gizo ke saƙa? Bisa abin da na sha gani a aji, kowace tambayar lissafi labari ce. A kasuwa labarin na tsaye a gabanta, da mutum da kuɗi da kaya. A lakwal kuwa yana zuwa ne da Faransanci, cikin doguwar jimla mai rassa, ga agogo na tafiya. Sai ta tsallake labarin, ta tsinto lambobin da ke ciki, ta laluba cikin kanta ta jawo wata ƙa'ida da ta haddace ta ɗora musu. In an yi sa'a a dace, in ba a yi ba a samu 5 cikin 20. Yawancin yaran da ake cewa ba su iya lissafi ba, ciwonsu ke nan.

A nan aikinki yake, kuma ba ya buƙatar ki san ko harafi ɗaya na boko. Duk yamma ta ɗauko tambaya ɗaya daga littafinta, ta karanta, ta rufe littafin, ta ba ki labarin da Hausa. Su wa ke ciki, me suka saya ko suka raba, nawa aka sani, me ake nema. In ta kasa ba ki labarin, to ba ta ma iso ga lissafi ba tukuna, Faransancin ne bai buɗe mata ba, sai ta koma ta sake karantawa, ta nemi ma'anar kalmar da ta tsaya mata. In ta ba ki labarin, kada ki bari ta taɓa bik tukuna. Ki ce mata, "A ganinki amsar za ta kai nawa? Ta fi goma ko ba ta kai ba?" Ta yi kintace da baki. Bayan ta gama rubutunta, ku mayar da amsar cikin labarin ku ga ko ta zauna. A wannan wajen ke kin fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, domin ba wanda ya isa ya kawo miki ribar da ba ta yiwuwa ki amince.

Bari in nuna miki da sana'arki. A ce tiya 4 ta gyaɗa na ba da kwalba 3 ta mai. Ke kin fi ni sanin ainihin abin da tiya ke bayarwa, misali ne kawai. Tiya 10 fa, kwalba nawa? Amsar da na fi gani a takardun yara ita ce 9. Tunaninsu shi ne daga 4 zuwa 10 an ƙara 6, to a ƙara 6 a kan 3. Ke da kin ji 9 za ki ce ina, ba ta yiwuwa. Tiya 4 kwalba 3, tiya 8 kwalba 6, sauran tiya 2 kwalba ɗaya da rabi, duka kwalba 7 da rabi. Kin ninka, kin raba biyu, kin tara. Wannan hanya ce sahihiya, ba mushen da zai soke ta in an rubuta ta a tsare. A lakwal ana koya musu gajeriyar hanya, su jera lambobin a layi biyu su ninka a gicciye: 4 sau x daidai yake da 3 sau 10, wato x shi ne 30 a raba 4, su rubuta 7,5 da waƙafi yadda tsarin Faransanci yake. Hanyar ba ta da aibu. Aibun shi ne yaro ya riƙe ta ita kaɗai, ya manta cewa tana aiki ne kawai in abubuwan biyu na tafiya tare, wannan ya ninka wancan ma ya ninka.

Ga inda take kayar da su. Ƴan ƙwadago 6 sun nome gona cikin kwana 4, mutum 8 kwana nawa za su yi? Mai ninkawa a gicciye ido rufe zai samu kwana 5 da ɗoriya. An ƙara hannu, aiki ya ƙara daɗewa! Wane manomi zai saurari wannan? Da yarinya ta fara da kintace, da ta san amsar dole ta gaza kwana 4. Aikin gonar gaba ɗaya yinin mutum 24 ne, 6 sau 4. A raba wa mutum 8, kwana 3.

Haka hayar kujerun biki. Mai kujeru ya ce kowace kujera sefa 50, kuɗin ɗauko su jika 2 ko nawa ne yawansu. Kujera 40 jika 4 ke nan. Kujera 80 kuwa ba jika 8 ba ce, jika 6 ce, don ba a biyan kuɗin ɗauka sau biyu. Irin wannan na cikin karatun turwaziyam, kuma yara da yawa na zubar da maki a kansa saboda sun saba duk abin da suka gani su ninka.

Sai rabon riba, wanda na tabbata kin yi shi da hannunki. Ke da maƙwabciyarki kun haɗa jari kun sari gyaɗa, ke kin sa jika 30 ita ta sa jika 20, an samu ribar jika 15. A takarda za a ce a raba 15 bisa kason 3 da 2. Na sha ganin yaro ya raba 15 gida 3 ya samu 5, ya raba 15 gida 2 ya samu 7 da rabi, ya ja layi a ƙasa. Wato mai ƙaramin jari ta fi mai babba samu, kuma jika 2 da rabi sun ɓace a tsakani. Da a gabanki aka yi wannan rabon da an ji ku har bakin titi. Abin yi shi ne a fara ƙirga kasonnin duka: 3 da 2, kaso 5. Kowane kaso jika 3. Ke kaso uku, jika 9, ita kaso biyu, jika 6. A tara, 15. Duk tambayar rabo da za ta gamu da ita, ko ta siminti da yashi ce ko ta maza da mata a aji, tambayar farko ita ce kaso nawa ne duka, kuma nawa ne kaso ɗaya.

Yanzu x ɗin da ke ɗaure mata kai. x suna ne kawai da ake ba lambar da ba a sani ba tukuna, don a samu damar yin magana a kanta kafin a gano ta. Ki sa ta saba, duk tambayar da za ta yi, layin farko ta rubuta abin da x yake nufi: kuɗin sabulu ɗaya, ko yawan kujeru, ko shekarun wane. Yaran da ke tsallake wannan layin su ne ke kaiwa ƙarshe su samu lamba ba su san ta mece ce ba.

Kin aike ta ta sayo sabulu 3 da gishirin sefa 200, an kashe 1100. Nawa sabulu ɗaya? Da ka za ta gaya miki 300: a cire na gishiri saura 900, a raba uku. A rubuce shi ne 3x + 200 = 1100. Alamar daidai da ke tsakiya, ta ɗauke ta kamar sikelin nan mai faranti biyu da ya tsaya cak. Duk abin da ta cire daga faranti ɗaya dole ta cire irinsa daga ɗayan, in ta raba wannan gida uku ta raba wancan gida uku, in ba haka ba sikeli ya karkace. Ta cire 200 nan da can, saura 3x = 900. Ta raba uku nan da can, x = 300. Abin da ta yi da ka ne, bi da bi, ba wani sabo.

Akwai wata hadda da yara ke rerawa, wai abin da ya tsallaka alamar daidai sai ya canza alama. Ni ba na son haddar nan ko kaɗan. Yaro ya ga 200 ta tsallaka ta koma ragi, sai ya kamo 3 ɗin da ke manne da x ita ma ya tsallakar da ita, ya rubuta x = 900 − 3 = 897. Sabulu ɗaya sefa 897, alhali uku ɗin da gishiri duka 1100 aka biya. Ba abin da ke tsallakawa ko'ina. Cirewa ake yi a gefe biyu, ko rabawa a gefe biyu. In mushensu haka yake faɗa a aji, kada ta yi masa gardama, amma a ranta ta san abin da ke faruwa a ƙarƙashin maganar.

Wani makamin da nake so ta riƙe shi ne gwaji da lamba. Duk lokacin da ta yi shakkar wata ƙa'idar haruffa, ta cire haruffan ta sa ƙananan lambobi ta gani. Shin 2(x + 3) daidai yake da 2x + 3? Ta sa 10 a madadin x. Na farko 2 sau 13, wato 26. Na biyu 23. Ba su zo ɗaya ba, ashe 2x + 6 ne daidai. Haka wanda ya fi kowanne cin yara a katiriyam da turwaziyam, (a + b)², da suke mayarwa a² + b². Ta sa 3 da 4. A tara 7, 7 sau 7 49. Amma 9 da 16 25 ne kacal. Ina 24 ta tafi? Ta zana fili mai taku 7 kowane gefe a ƙasan tsakar gida, ta ja layi a tsaye da a kwance daidai taku 3. Za ta ga yanki huɗu: ɗaya 3 sau 3, ɗaya 4 sau 4, sai biyu kowanne 3 sau 4, wato 12 da 12. Su ne 2ab ɗin da take mantawa. Wanda ya zana wannan da hannunsa sau ɗaya, da wuya ya sake barin su a baya.

Tunda kin ce tun katiriyam abin ya fara, ina zargin akwai rami a can ƙasa da ba a cike ba. Ki sa ta yi miki wannan: rabi a tara da sulusi, nawa ke nan? In ta rubuta 1/2 + 1/3 = 2/5, to kin gano ramin. Biyu cikin biyar ai bai ma kai rabi ba, yaya za a ƙara wa rabi wani abu ya ragu? Ku ɗauki jika 6. Rabinsu 3, sulusinsu 2, a tara 5, wato biyar cikin shida. Ki kuma gwada ta da ninkin 7 da 8 da 9 ba zato ba tsammani, tana shara ko tana wanke-wanke. In tana tsayawa ƙirga yatsu, sai ta ba wannan mako biyu ko uku kafin komai, ko da kuwa karatun firamare ne. Ba abin kunya ba ne. Yaron da ke kokawa da 7 sau 8 ba shi da sauran hankalin da zai ba x.

Akwai kuma masu haruffa biyu, x da y tare, da ke zuwa a turwaziyam. Wannan ki ba ta shi da baki a matsayin wasa ƙwaƙwalwa, kada ki ce mata na lakwal ne. A wani gida akwai awaki da zabi, kawunansu 20, ƙafafunsu 56. Awaki nawa, zabi nawa? Ki bar ta ta yi ta juya shi. Wata za ta yi ta gwadawa har ta dace. Wata za ta ce, a ce duka zabi ne, ƙafa 40 ke nan, saura 16, kowace akuya ta fi zabo da ƙafa 2, ashe awaki 8 ne, zabi 12. Bayan ta samo da kanta, sai ta rubuta x awaki, y zabi, x + y = 20, 4x + 2y = 56, ta bi hanyar da aka koya musu. In ta ninka layin farko sau 2 ta cire shi daga na biyu, za ta ga 2x = 16, wato 16 ɗin nan da ta samu da ka ce ta sake fitowa. Ranar da ta ga haka da idonta, tsoron haruffan zai ragu sosai.

Maganar babanta kuwa, kada ki mayar da ita gardama, ba za ki ci riba ba. Amma cewa lissafin haruffa ba shi da amfani, akwai amsar da nake jin zai saurara, domin ta shafi abin da yake girmamawa. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, ƴaƴa maza 2 da mata 3, iyayensa sun riga shi. Bayan an biya bashi da wasiyya, abin da ya rage miliyan 1 da jika 600. Matar na da tumuni, ɗaya cikin takwas, jika 200. Saura miliyan 1 da jika 400. Namiji na da rabon mata biyu, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Maza biyu kaso 4, mata uku kaso 3, duka kaso 7. Kowane kaso jika 200, kowane namiji jika 400, kowace mace jika 200. In ɗiyarki ta kira rabon mace ɗaya x, abin da za ta rubuta shi ne 7x + 200 = 1600, a lissafin jika. Irin na sabulu da gishiri ne sak. Rabon gado na gaskiya aikin malamai ne da alƙalai, ba ni nake ba da fatawa ba, amma lissafin da suke yi shi ne ake koya mata.

Ba kuma dacewa ce kawai ba. Littafin da ake ɗauka tushen aljabra, wato lissafin haruffan nan, Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ne ya rubuta shi a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, kuma babban ɓangarensa a kan matsalolin gado da wasiyya yake. Abin da ya fi dacewa da matsalar ɗiyarki shi ne, babu x ko y a cikinsa ko ɗaya. Da jimloli ya warware komai, yana cewa a ɗauki abu kaza a ƙara masa kaza. Sai a 1637 wani Bafaranshe, René Descartes, ya yaɗa al'adar sa x da y da z a madadin abin da ba a sani ba. Shekara wajen 800 ke nan tsakani, mutane na yin aljabra da magana kafin a zo ga gajarta ta da waɗannan haruffa. Saboda haka in ta fara da labari da Hausa sannan ta gajarta shi, ba ta kauce hanya ba. Kuma mu da tushen garinmu Katsina ne bai kamata mu ɗauki lissafi kayan baƙi ba. Malam Muhammad al-Kashinawi, Bakatsine ne, ya yi rubutu a kan hatimin lambobi, irin wanda duk layin da ka tara jimilla ɗaya yake bayarwa, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Ki nemi lokacin da ransa ke sanyi ki gaya masa wannan, ko ki sa wani da yake jin nauyinsa, wansa ko limamin unguwa, ya yi masa maganar. Abin da za ki roƙa ƙarami ne: a daina ambaton zaman gida a gaban yarinyar har a gama jarrabawa. Yarinyar da ta san makomarta duka na rataye a kan takarda ɗaya, hannunta rawa zai yi. Ki kuma sanar da shi cewa BEPC ba lissafi kaɗai ba ne, makin darussa ake haɗawa. Ba sai ta zama ta ɗaya a lissafi ba. In ta tashi daga 5 ta kai 9 ko 10, sauran darussan kuma tana riƙe da su, hanya a buɗe take. Ba zan yi miki alkawarin 18 cikin 20 ba, amma daga 5 zuwa 10 abu ne da na ga yara sun yi cikin shekara guda. In ma Allah bai nufa bana ba, ana maimaita aji a sake zama, ba a kanta aka fara ba. Ni dai a ra'ayina, cire yarinya mai irin wannan kan daga karatu saboda darasi ɗaya asara ce, kuma sana'arki ma na cikin masu asarar.

Batun jika biyar, ki riƙe kuɗinki tukuna. Ki fara zuwa lakwal da kanki ki ga mushen lissafinsu, ki tafi da kayenta da takardun gwajin da aka mayar mata. Iyaye da yawa na jin nauyin shiga kolej don ba su jin Faransanci, alhali mushen Hausa zai yi miki. Ki tambaye shi a wane babi take zubar da maki, kuma me zai so ta maimaita. Ki tambayi ita ma inda take zama a aji, da ko tana ganin allo sosai. Ajujuwanmu cike suke, kuma yaron da idonsa ba ya kaiwa nesa yakan kwafi alamar tarawa a matsayin ta ninkawa shekara guda ba wanda ya lura. In akwai alamar haka, a duba idon kafin a nemi mai koyarwa.

In kun yi wata ɗaya kuna zaman yamman nan kika ga har yanzu da sauran wuraren da ke da ita ba ku iya buɗewa, sai ki nemi maƙwabta biyu ko uku masu yara a aji ɗaya ku haɗa kuɗi ku ɗauki mutum guda. Cikin ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ba za a rasa mai son irin wannan aikin ba. Ranar farko ki zauna daga gefe ki lura da abu ɗaya: alli a hannun wa yake? In shi ke ta rubutu yara na kwafa, kuɗinki na tafiya a banza, don kwafa ai tana yi a lakwal kyauta. Wanda ya cancanci kuɗinki shi ne mai miƙa mata alli ya koma gefe, ya bar ta ta yi kuskure, sannan ya tambaye ta dalilin da ya sa ta yi haka. Haka wayar yayyenta. Akwai manhajojin da ake ɗaukar hoton tambaya su fito da amsa. In za ta taɓa su, sai bayan ta gama nata, don dubawa kawai.

Abin da zai fi yi miki tsada ba kuɗi ba ne, lokacinta ne. Yarinyar da ta dawo lakwal ta ɗauki tire, ta dawo ta hau wanke-wanke, sai bayan isha'i ta buɗe kaye ga gajiya ga ɗaukewar wuta, ba abin da zai zauna mata. Ki yanke mata rabin awa bayan la'asar, da sauran haske, ba aike ba talla, yayyen nan masu baki su karɓi aikin. Tambaya biyu ko uku da ta yi da kanta ta gwada amsarsu sun fi shafi goma da ta kwafa. Daga watan Maris ta nemi tambayoyin BEPC na shekarun baya wajen mushe ko waɗanda suka riga ta, ta riƙa yin su da agogo a gabanta. Ranar jarrabawa kuma kada ta bar tambaya fayau don ba ta ga ƙarshenta ba. Ta rubuta abin da x yake nufi, ta rubuta layin farko, ta tafi iya inda za ta iya, domin masu gyara na ba da maki a kan matakai, ba a kan amsar ƙarshe kaɗai ba.

Ga ɗaya ki ba ta yau da baki. Uwa ta girmi ɗiyarta da shekara 24. Nan da shekara 6, shekarun uwar za su ninka na ɗiyar sau uku. Shekarun ɗiyar nawa yanzu? Ta fara samo ta da ka, ta kowace hanya ta ga dama, sannan ta rubuta ta da x. In hanyoyin biyu sun ba ta amsa ɗaya, ku aiko mini da hoton takardar, zan duba yadda ta tsara layukan in gaya muku babin da ya kamata ta kama a gaba.